Hita a Kashe, Radiyeta da Zafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ruwan da Ke Bi ta Baya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin 'yan uwa mazauna Birtaniya, galibi tsakanin Mayu da Agusta, lokacin da kowa ya kashe hita amma wani ɗaki ya ƙi hucewa. Amsoshin sun shafi gidajen da ke da boila, wato tukunyar dafa ruwa mai aiki da gas, da radiyetocin ruwa masu dumama ɗaki a jikin bango.

Na kashe hita tun farkon bazara, amma radiyetar ɗakin kwana tana ɗaukar zafi safe da yamma. Me ke faruwa?

Fara da lura da lokacin. Kusan kullum za ka ga ya zo daidai da sa'ar da boila ke dafa ruwan wanka. Boila ɗaya ce ke yin aiki biyu a gidan, dumama ɗakuna da dumama tankin ruwan zafi, kuma ruwa ɗaya ne ke zagayawa don duka biyun. Idan radiyeta ta yi zafi alhali tanki kaɗai aka nufa, ruwan ya sami hanyar da bai kamata ya bi ba.

Ƙofofi biyu ne kawai zai iya shiga ta cikinsu. Ko dai ta gaba, saboda bawul ɗin da ya kamata ya tare shi bai rufe ruf ba, ko ta baya, ta bututun da aka yi don ruwa ya fita daga radiyeta. Alamarsu ɗaya ce a ɗaki, amma gyaransu ya sha bamban, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗi: a sauya bawul lafiyayye, a biya, washegari radiyeta ta sake ɗaukar zafi. Kafin ka kira kowa, yi gwajin hannu da ke ƙasa.

Yaya ruwan yake zagayawa idan komai lafiya?

Ruwa yana fita daga boila da zafinsa ta bututun kaiwa, injin tura ruwa yana ingiza shi. Daga nan hanya ta rabu: reshe ɗaya ya nufi radiyetoci, ɗaya ya nufi wani naɗaɗɗen bututu da ke cikin tanki, wanda ke dumama ruwan wanka ba tare da sun gauraya ba. A wurin rabuwar akwai bawul mai ƙaramin moto, shi ke buɗewa ko rufewa gwargwadon abin da agogon hita, mai tsara lokacin kunnawa da kashewa, ya nema. Bayan ruwan ya sauke zafinsa sai ya koma boila ta bututun dawowa.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, bawul a ɓangaren kaiwa yake. Ɓangaren dawowa a buɗe yake, babu mai gadi. Tsarin yadda aka jera mahaɗun bututu ne kaɗai ke hana ruwa yawo a can.

To ta yaya ruwa zai koma baya alhali inji gaba yake tura shi?

Ɗauki gida mai sama da ƙasa. Bututun dawowa uku ne ke neman boila: na radiyetocin sama, na radiyetocin ƙasa, da na tanki. A ƙa'ida, na sama da na ƙasa su fara haɗewa su zama ɗaya, sannan na tanki ya shigo a ƙarshe, dab da boila. Masu aikin a Ingila suna kiran wannan dokar mahaɗa uku. Idan an bi ta, ruwan da ya fito daga tanki ba shi da inda zai je sai boila, domin ko ya leƙa cikin bututun radiyetoci zai tarar hanyar ba ta ɓullewa.

Yanzu a ce wani ya jera su haka: na sama ya fara shiga, na tanki ya biyo, na ƙasa ya zo ƙarshe. Na tanki ya faɗa a tsakiya ke nan. Ruwan da ya fito daga tanki, har yanzu da zafinsa sosai, ya iso mahaɗarsa ya tarar da hanya biyu. Mafi yawansa zai miƙe zuwa boila. Wani kaso kuma zai juya ya haura ta bututun dawowar sama, ya ratsa radiyetocin sama ta baya, ya faɗa cikin bututun kaiwa a bayan bawul ɗin da ke rufe, ya gangaro ta radiyetocin ƙasa, ya fito ta mahaɗa ta ƙarshe. Ya zagaye bawul ɗin gaba ɗaya ba tare da ya taɓa shi ba. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san halin: ka toshe bakin fangali, amma in akwai wata kafa ta bayansa ruwa zai same ta.

Wannan ne ya sa radiyetocin sama suka fi kamuwa. Su ne farko a kan hanyar, kuma ruwan zafi dama ya fi na sanyi rashin nauyi, hawa ba ya yi masa wuya. Na ƙasa sukan tsaya a ɗan ɗumi ko ma a kasa jin komai, don kafin ruwan ya iso gare su ya huce.

Wane gwaji zan yi in tabbatar, ba tare da na kwance komai ba?

Hannunka da salatif sun isa. Sai dai gwajin kashi biyu ne, kuma dole kowane kashi ya fara da bututu masu sanyi.

Da farko kashe ruwan zafi a agogo, ka kunna hita kaɗai. Je wurin radiyetar da ake zargi, ka kama bututu biyun da ke shiga ƙasanta, ɗaya a kowane hannu. Cikin 'yan mintuna ɗaya zai fara ɗumi kafin ɗayan. Wannan shi ne na kaiwa. Manna masa salatif. Kada ka dogara da gefen da kan murɗawa mai lambobi yake, don ana ɗaura shi a kowane gefe. Yi wa sauran radiyetocin haka, sannan ka kashe komai ka bar su su huce sarai. In ka bari sai da safe ya fi.

Kashi na biyu, hita a kashe, kunna ruwan zafi kaɗai. Idan tankin ya riga ya yi zafi boila ba za ta tashi ba, don haka a fara yin wanka ko a zubar da ruwan zafi kaɗan. Koma ka kama bututun nan biyu. Idan marar salatif ne ya riga yin zafi, ruwa ta baya yake shiga. Idan mai salatif ne, je kabad ɗin tanki ka taɓa bututun da ya fito daga bawul zuwa radiyetoci, kamar taku ɗaya daga jikin bawul ɗin. In ya yi zafi nan da nan, bawul ne ke yoyo. In yana nan da sanyi, to wannan radiyetar tana kashi na biyu na zagayen ne, nemi wadda ta riga ta yin zafi. Yi hattara, bututun kusa da boila yana iya kai digiri 70, taɓawa ake yi a ɗauke hannu.

Gwajin ya nuna bawul ne. Me zan duba?

Dubi abin da ke kusa da tanki. Idan akwatin ƙarfe ko roba guda ɗaya ne a kan mahaɗa mai baki uku, tsarin da ake kira Y-plan ke nan. Idan akwatuna biyu ne, kowanne a kan bututunsa, S-plan ne. A gidajen Birtaniya za ka fi cin karo da na kamfanin Honeywell, wato V4073A mai baki uku da V4043H mai baki biyu, sai na Drayton da Danfoss. A jikin mai baki uku an rubuta AB inda ruwa ke shiga, A hanyar radiyetoci, B hanyar tanki.

A gefen akwatin akwai ɗan hannu da ake turawa, da rubutun AUTO a gefe ɗaya, MAN a ɗayan. Ana saƙale shi a MAN lokacin cika ruwa ko zubarwa, kuma sau da yawa mai gyara yakan tafi ya manta shi a can. Sake shi ya koma AUTO. Idan babu wuta a jikinsa, ya kamata ka ji yana turjiya in ka tura shi, ya kuma koma da kansa in ka sake. In ya yi laƙwas ko ya cije, ko dai moton da sifirin ɗinsa sun gaji, ko ƙwallon robar da ke toshe hanya a ciki ya cinye, ko baƙar lakar tsatsa ta hana shi zama daidai. Kan akwatin ana iya sauya shi ba tare da an zubar da ruwa ba a yawancin na zamani. Cikin bawul ɗin kuwa sai an zubar.

Boilarmu kombi ce, ba mu da tanki. Wannan ya shafe mu?

Da wuya. Kombi tana dafa ruwa ne a take in an buɗe famfo, babu tanki balle bututun dawowarsa. Idan radiyeta na ɗumi duk lokacin da ake wanka, kusan kullum bawul ɗin karkatar da ruwa ne da ke cikin boilar ya fara cijewa. Alamarsa ta biyu ita ce ruwan wanka ba ya zafi sosai sai an kunna hita. Aikin cikin boila ne, duba amsar wanda ya kamata a kira.

Mun yi shekaru a gidan ba a taɓa haka ba. Me ya sa yanzu?

Tambayi kanka wane aiki aka yi kwanan baya. Mahaɗa ba ta sauya wuri da kanta. Abubuwan da suka fi jawo shi su ne ƙarin gini a bayan gida, mayar da saman silin ya zama ɗakin kwana, ɗauke boila daga kicin zuwa wani wuri, ko sabuwar radiyeta guda ɗaya da aka ƙara. Mai aiki ya ɗaga katakon daɓe, ya ga bututu mai milimita 22 a kusa, ya yanka ya jona, bai bi shi ya ga daga ina ya fito ba. Idan an yi aikin da hunturu babu wanda zai lura, tunda duk radiyetocin dama a kunne suke. Sai bazara ta zo asiri ya tonu.

Idan babu aikin da aka yi, zato ya fi ƙarfi a kan bawul, don shi ne ke tsufa. Akwai kuma mai sauƙi: wataƙila matsalar ta daɗe, wanda ya zauna kafin ku yana rufe radiyetar ne duk bazara.

Ta banɗaki kaɗai ke zafi, wadda ake rataye tawul. Ita ma matsala ce?

Sau da yawa da gangan aka yi. A tsofaffin gidaje ana jona ta a layin tanki don tawul ya bushe ko da bazara. Wani lokaci kuma ita aka bari a matsayin hanyar da ruwa zai bi ya huce bayan boila ta tsaya, domin injin yakan ci gaba da juyawa na 'yan mintuna don kwashe ragowar zafi. Za ka gane irin wannan da cewa ba ta da kan murɗawa mai lambobi, gefenta biyu duk 'yar hular roba ce. Kada ka rufe ta sai wanda ya san tsarin ya duba.

Ba zan iya rufe radiyetar kawai in huta ba?

Za ka iya, kuma ga mai haya da bazara ita ce dabara mafi sauri. Murɗa kan mai lambobi zuwa sifili, ko ka rufe bawul ɗin hannu. Gefe ɗaya ya wadatar, ruwa ba zai ratsa ba. Amma ka sa ran wata radiyetar da ke layi ɗaya za ta karɓi zafin, don ruwan zai nemi ta gaba. Sai ka rufe duk na wannan reshen kafin zagayen ya yanke.

Idan za ka taɓa gefen mai hular roba, ƙirga juyi nawa ka yi ka rubuta, domin da shi aka daidaita rabon ruwa tsakanin ɗakuna. Sannan kan mai lambobi da ya yi watanni a rufe, 'yar allurar da ke ƙarƙashinsa takan maƙale, Oktoba ta zo radiyeta ta ƙi zafi. Riƙa buɗe shi kana rufewa lokaci-lokaci.

Mene ne gyara na gaskiya?

A sake jera mahaɗun, kamar yadda aka bayyana a amsar komawar ruwa baya: duk bututun dawowar radiyetoci su haɗu tukuna, na tanki ya shigo bayansu. A aikace ɗaya daga biyu ake yi. Ko a yanke bututun tanki daga inda yake, a toshe wurin, a ja shi zuwa kusa da boila. Ko a ɗauke radiyetar da aka jona ba daidai ba a mayar da dawowarta cikin na 'yan uwanta. Jan ƙarfen da za a ƙara sau da yawa bai fi mita ɗaya ko biyu ba. Wahalar tana wurin gano mahaɗar, don tana iya kasancewa ƙarƙashin daɓe ko bayan kabad ɗin kicin. Mai gyaran kirki zai kunna ruwan zafi daga sanyi ya bi zafin da hannu ko da kyamarar gano zafi kafin ya ɗaga katako ko ɗaya.

Dole a zubar da ruwan tsarin, aƙalla zuwa ƙasa da wurin yankan. In an sake cikawa a zuba maganin hana tsatsa, irin su Sentinel X100 ko Fernox F1, a fitar da iska daga kowace radiyeta, kuma a tsarin da yake rufaffe, wato marar ƙaramin tanki a saman silin, a mayar da allurar ma'aunin ƙarfin ruwa tsakanin 1 da 1.5 yayin da ruwan ke da sanyi. A ganina wannan gyaran ya fi kowane, don babu wani abu mai motsi a cikinsa da zai lalace bayan shekara biyar.

Mai gyara ya ce zai sa bawul mai hana ruwa komawa. In yarda?

Idan mahaɗar tana ƙarƙashin tayil ko siminti, yarda. Ɗan bawul ne mai sifirin a ciki, ruwa ya wuce ta gefe ɗaya, in ya juyo ya rufe. Ana sa shi a bututun dawowar reshen da ruwa ke haurawa, kibiyar jikinsa tana kallon boila. Yana aiki, kuma ya fi fasa daɓe araha nesa ba kusa ba.

Sai dai ka san abin da ka saya. Yana ɗan rage ƙarfin ruwa, wani yana ƙara in inji ya tashi, kuma a tsarin da ke da laka yakan maƙale a buɗe matsalar ta dawo, ko a rufe ɗakunan su ƙi zafi. Roƙi a sa shi inda hannu zai kai. Wuri ɗaya da ba a yarda a sa shi ba shi ne tsakanin boila da bututun da ke fitar da tururi zuwa ƙaramin tankin saman silin, ko tsakanin boila da tulun da ke karɓar kumburin ruwa. Wannan hanyar tsaro ce, ba a tare ta da komai. Idan kuwa mahaɗar a fili take cikin kabad, mai gyaran kuma ya nace sai bawul, sauƙin kansa yake nema.

An gyara mahaɗa, bawul lafiya, amma ƙasan radiyetar sama yana ɗan ɗumi. Saura me?

Wannan hawan zafi ne da kansa, ba inji ke tura shi ba. Idan bututun dawowar sama ya miƙe tsaye daga kan bututu mai zafi, ruwan zafi yakan haura ta cikinsa na sanyi ya gangaro, duk a bututu ɗaya. Ba ya da ƙarfi, shi ya sa gefe ɗaya kawai ke ɗumi. Maganinsa a lanƙwasa bututun ya fara yin ƙasa kafin ya hau, ko a sa bawul ɗin da aka yi bayani a sama.

A tsofaffin gidajen da tanki ke dumama ba tare da inji ba, masu manyan bututu na milimita 28, akwai bawul na musamman da ke hana wannan hawan zuwa radiyetoci. In ya maƙale a buɗe, duk saman bene sai ya ɗauki zafi.

In na kunna hitar ƙasa kaɗai, sama ma sai ta yi zafi. Abu ɗaya ne?

Yana iya zama. A gidajen da aka raba sama da ƙasa, kowanne da bawul ɗinsa da ma'aunin zafinsa, ƙa'idar ba ta sauya ba: kowane shiyya ya tattara dawowarsa wuri ɗaya kafin ya shiga babban bututu. In radiyeta ɗaya ta sama ta jona dawowarta a layin ƙasa, hanya ta buɗe. Gwajin salatif ɗin nan shi za ka maimaita, shiyya ɗaya a kunne ɗaya a kashe.

Akwai hatsari in na bar shi haka?

Ba abin da zai fashe. Asara ce ta gas, ga ɗaki da zafi cikin Yuli, ga tanki da ke daɗewa bai yi zafi ba saboda radiyetoci na satar rabonsa. Abin da za a guje wa shi ne rage ma'aunin zafin tanki don radiyeta ta daina zafi. Ana barin sa a digiri 60 ne saboda ƙwayar cutar Legionella, wadda ke yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45.

Zan iya yi da kaina, ko wa zan kira?

Gwajin hannu, mayar da hannun bawul AUTO, da rufe radiyeta, duk naka ne. Sauya kan bawul ya haɗa da wayoyin wuta mai ƙarfin bolt 230, kuma kashe agogon hita ba ya yanke ta, sai an kashe makunnin bango da ke ba tsarin wuta. Yankan bututun ruwa aikin falamba ne da ya san hita. Buɗe murfin boila kuwa sai mai rajista da Gas Safe, hukumar rajistar masu aikin gas da ta gaji CORGI a 2009. Nemi katinsa ka duba bayansa, an jera irin ayyukan da aka yarje masa. Idan tankinku irin wanda ke karɓar ruwa kai tsaye daga babban layi ne, taɓa shi yana buƙatar shaidar da ake kira G3.

In ya zo, kada ka ce masa radiyeta na zafi kawai. In haka gwajin ya nuna, ce masa ka gwada daga sanyi, bututun dawowa ne ke fara zafi, bututun bayan bawul kuma yana nan da sanyi. Kafin ka biya, a kunna ruwan zafi kaɗai na kamar rabin awa kuna tsaye.

Gidan haya nake. Wa zai biya?

Mai gida. A Ingila da Wales, sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 shi ne asalin wajabta masa kula da kayan dumama ɗaki da na ruwan zafi, kuma Wales ta zuba wannan haƙƙin cikin sabuwar dokar hayarta. Scotland ma tana da irinsa a dokar gidaje ta 2006. Rubuta masa ko ejan ɗinsa saƙo, kada ka tsaya a waya. Faɗi ɗakin, lokacin da abin ke faruwa, da sakamakon gwajin. Idan ya ce ai an duba boila bana, gaskiya ne ana duba ta duk shekara, amma wancan binciken lafiyar gas ne, ba ya bin bututun ruwa. Kada ka yanka ko ka sauya komai ba da izininsa a rubuce ba, don za a iya cirewa daga kuɗin ajiyarka ranar da za ka tashi.